Ƙuri'a ta Bakwai

Ƙarar haɗuwar kwalkwali da kwalkwali ta kai har saman rumfar manyan baƙi, inda Ernestine Mabry take zaune da jar hularta ta ranar wasa. Irin ƙarar nan ce ta gatari a jikin busasshen icce. Jamarion Odom, yaron da ya fi kowa gudu a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Kwalejin Cane Bluff, ya zube a kan ciyawa, ƙwallon ya kufce daga hammatarsa ya gangara. Da aka ɗaga shi sai ya nufi bencin abokan hamayya, sai da wani ya kamo rigarsa ya juyo da shi.

Ranar dawowar tsoffin ɗalibai ce, filin ya cika ya batse. Abokan hamayyarsu, 'yan ƙetaren kogi, sun daɗe suna cin su, har yaran garin sun girma ba su san daɗin doke su ba. Ga shi yau tazarar ba ta taka kara ta karya ba, lokaci kuma yana ƙurewa.

Ernestine ta haura sittin. Ita ke da gidan shirya jana'izar da mijinta ya mutu ya bar mata, tana kuma cikin mutum bakwai na kwamitin amintattun kwalejin. Duk mako magana take ƙasa-ƙasa da masu makoki, tana miƙa musu hankici. Asabar kaɗai take buɗe maƙogwaronta. Ta dubi agogon filin, ta dubi yaron a kan benci da tawul a kansa, ta miƙe ta kewaye bakinta da tafukanta.

"A ba mu Jamarion!"

A karo na biyu na kusa da ita suka kama. A na uku masu ganguna suka ɗauki amon, filin gaba ɗaya ya ɗauka. Koci Roosevelt Tubbs ya waiwayo ya dubi rumfa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki kwalkwalin ya miƙa wa yaron.

Jamarion ya tsallake layin cin maki da ƙarti uku rataye a jikinsa. Aka ci wasa. Ernestine ta rungumi mutanen da ba ta ma san sunansu ba. Tana wurin ajiye motoci, inda ake gasa haƙarƙari, maiƙo har gwiwar hannunta, jiniyar motar asibiti ta ratsa kiɗan. Ta ɗauka wani tsoho ne murna ta kayar. Ba ta ko daina tauna ba.

Ashe Jamarion aka ɗauka, jini ne ya taru a cikin kansa. An yi masa aiki a Jackson, ya rayu.

Da a nan maganar ta tsaya, da an kira ta ƙaddara an wuce. Amma wani ɗalibi da ke bayan benci ya ɗauki abin da ya faru a wayarsa, ya sake shi duniya ta gani. A ciki ga matashiyar da ke duba lafiyar 'yan wasa tana riƙe da hannun Koci tana cewa, "Bai san inda yake ba. Na tambaye shi yau wace rana, ya kasa faɗa." Ga Koci kuma yana zare hannunsa: "Ba ranar nake so ya sani ba. Ya san inda layi yake."

Gari ya rabu biyu. A ƙofar wasu gidaje an kafa alluna, a bar mana Kocinmu. A ƙofar wasu, wa zai mayar wa Jamarion kansa? Masu aski biyu da suka yi shekaru suna shago ɗaya suka daina gaisawa. Aka sa ranar da kwamiti zai zauna, kowa kuma ya san lissafin: uku na son a kore shi, uku na son ya zauna. Saura Ernestine.

Ƙanenta Otis, mai tuƙa mata motar gawa, yana wanke motar a tsakar gida ta zo wucewa.

"Yaya, kin kalli abin nan da ke yawo kuwa?"

"Wanda bai kalla ba sai makaho."

"Ba kallo nake nufi ba, saurare. Kafin Koci ya buɗe baki akwai wata murya can sama, ita kaɗai, kafin sauran su kama." Ya matse soso. "Muryar da ta riƙa tashina makaranta ina yaro. Ko a kabari na ji ta sai na miƙe na nemi takalmina."

"Otis, wanke motarka."

"Ni ban gaya wa kowa ba. Cewa dai na yi, in ɓera da sata..."

"Ƙarasa, in ƙarasa ka. Akwai akwati a ciki daidai tsawonka, na fi wata ina neman mai shi."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Amma da ta shiga ofis sai ta rufe ƙofa, ta sake kunna abin, ta kara wayar a kunne. Ga ta nan kuwa, siririya, cike da murna. Ta saurara har wayar ta yi zafi a kuncinta.

Ana saura 'yan kwanaki a zauna, Koci Tubbs ya zo da hantsi. Ƙato ne, gwiwoyinsa sun lalace tun yana saurayi, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Ya cire hula ya zauna a kujerar da masu makoki ke zama, kujerar ta yi ƙara. Wannan mutumin ne, lokacin da mijinta ya rasu ɗanta Curtis ya shiga shashanci, ya riƙa zuwa kullum da sassafe yana fizgo shi daga gado zuwa filin gudu, har yaron ya dawo hayyacinsa. Yau Curtis malamin makaranta ne a Memphis, ya sa wa ɗansa na fari Roosevelt.

"Ban zo roƙo ba, Madam Mabry," in ji shi. "Ko kuma in ce na zo, amma ban iya ba."

"Me ya sa ka mayar da shi, Koci?"

Ya juya hular a hannunsa. "Na kalli idonsa. Na gani. Ba zan ce miki ban gani ba. Amma na sha mayar da yara a haka, su tashi washegari garas suna neman abinci. Ni ma haka aka mayar da ni. Wasan da ake cewa shi ne mafi kyau a rayuwata, har yau labarinsa nake ji a bakin mutane, ban tuna komai a ciki ba."

"Ka je ka gan shi?"

"Na je. Kakarsa ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya. Ba ta ɗaga ba, amma ba ta ajiye ba."

Ernestine ta gyara kwalin hankicin da ke kan tebur, duk da cewa daidai yake. Tambayar ta fito kafin ta tare ta.

"Da ba a yi ihun nan ba fa?"

Ya daɗe yana kallonta, kallon da ta kasa gane ko na tausayi ne ko na ciniki.

"Usur a wuyana yake, Madam. Ba a wuyan 'yan kallo ba."

Ta ji wani sanyi ya ratsa ta, ta kuma ji kunyar sanyin.

"Ina da yara cike da mota biyu," ya ci gaba. "Ni na shiga gidajensu ɗaya bayan ɗaya na ɗauko su. In na tafi, wanda zai zo da nasa zai zo, rabin waɗannan su koma inda na tsamo su. Na yi wa iyayensu alkawari."

"Ka yi wa kakarsa Lurlene ma."

"Na yi. A gabanki."

Gaskiya ne. Ita ta raka shi gidan tsohuwar, domin majami'arsu ɗaya, bencinsu ɗaya. Wata babbar makaranta a arewa na neman yaron, ita ta dafa kafaɗar Lurlene ta ce, ki bar shi a gida inda idonmu ke kansa.

Ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Kin dai tuna abin da kwamitinku ya gaya mini kafin a fara kakar bana, cewa in 'yan ƙetare suka sake cin mu, aikina ya ƙare."

Ta tuna. Ba ita ta faɗa ba, amma ta gyaɗa kai.

Washegari ta soya tarwaɗa, ta dafa ganye, ta gasa burodin masara, ta tuƙa zuwa gidan Lurlene Odom a bayan layin dogo. Tun da aka sallamo yaron take shirin zuwa, kullum sai wata gawa ta ba ta uzuri.

Lurlene ta buɗe ƙofa da rigar aikinta ta gidan kula da tsofaffi. Ranar wasan ma tana wurin aiki, a rediyo ta ji.

"'Yar'uwa Ernestine! Shigo, amma a hankali. Haske da hayaniya ba ya son su."

An rufe tagogi da barguna, falon duhu da rana tsaka. Jamarion yana kan doguwar kujera, an aske rabin kansa, ɗinki ya zagaye kamar kofaton doki. Ya rame. Yana ƙoƙarin sa maɓallin rigarsa, hannun hagu ya ƙi ba shi haɗin kai. Ernestine ta miƙa hannu, Lurlene ta girgiza mata kai.

"Bar shi. Likita ya ce shi zai yi."

Suka tsaya suna kallo har maɓallin ya shiga. Yaron ya ɗago ya yi murmushi da gefen baki ɗaya.

"Sannu, Mama Tine." Kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, kamar ana jawo su daga rijiya. "Wai ke ce... mai yanke hukunci."

"Wa ya gaya maka?"

"Kowa." Ya haɗiye yawu. "Kada ki kore shi. Ni na ce... ya mayar da ni."

"Ji shi," in ji Lurlene daga ƙofar kicin. "Mutumin da bai san ranar da yake ciki ba, wai shi ya ce. Ka tuna ka faɗa ne, ko abokanka ne suka zo suka cusa maka?"

"Kaka."

"Kada ka kakace ni. Ɗan shekara ashirin, ina yanka maka nama kamar ɗan yaye."

Ta shige da kwanukan. Jamarion ya matso, ya rage murya kamar mai shirin faɗin abin kunya.

"Ban tuna wasan ba, Mama Tine. An nuna mini... kamar wani ne. Abu ɗaya na tuna." Idonsa ya yi haske a cikin duhun. "Ina zaune, kaina na ƙugi. Sai na ji... ana kiran sunana. Daga sama. Mutum ɗaya, sannan kowa. Tun da nake... ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba. Ta yaya zan zauna?"

Ernestine ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Ka huta, ɗana," ta ce.

A baranda Lurlene ta kama hannunta. Tafinta kaushi gare shi, ga ɗumi.

"Duk cikin manyan nan ba wanda ya tako gidan nan sai ke. Furanni suke aikowa, kamar ya mutu. Na gaya wa Ubangiji, da sauran mai tsoronka a kwamitin nan, na san kuma wace ce." Ta matse hannun. "Ina jinsu a rediyo suna kiran sunansa, 'yar'uwa. Ina canza wa wata tsohuwa zanen gado, na ce ji jikana, ji yadda ake sonsa. Har rawa na taka."

Ernestine ta yi niyyar faɗa mata wa ya fara kiran. Ta buɗe baki. Jirgin kaya ya taho a kan layin dogo, ya yi ta wucewa, tarago bayan tarago, barandar na girgiza. Kafin na ƙarshe ya wuce maganar ta koma inda ta fito.

"Ki mayar mini da kwanukan ranar Lahadi," ta ce.

An zauna a ɗakin taro na kwalejin, ƙarƙashin hotunan shugabannin da suka shuɗe. A waje ɗalibai sun taru, wasu da rigunan ƙungiya, wasu da hoton Jamarion. Mista Dupree, mai sayar da motoci, ya yi magana har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kafin mutumin nan ya zo, wa ya san da mu? Rufe makarantar nan ake shirin yi. Yara nawa ya raba da kurkuku? Kuskure ɗaya, sai mu jefar da shi kamar tsumma? Wasan maza ne, kowa ya san ana jin ciwo."

"An gaya masa, Dupree," in ji wata tsohuwar alƙaliya da ke gefen Ernestine. "Yarinyar ta riƙe hannunsa ta gaya masa. In mun bar shi, gobe wace mai duba lafiya za ta sake buɗe baki?"

Ernestine tana jinsu kamar daga ƙarƙashin ruwa. Duk abin da alƙaliyar ta faɗa gaskiya ne. Ta auna shi ta kowace fuska, amsar ɗaya ce: mutumin ya gani, ya mayar. Abin da ya dame ta shi ne yadda amsar ta yi mata daɗi. Laifi tudu ne, in an ɗora shi duka a kan mutum ɗaya aka raka shi bakin gari, sauran sai su koma gida da sauƙin kafaɗa.

Aka zagayo, uku da uku. Shugaban kwamiti ya cire tabarau.

"Madam Mabry?"

Ta tuna Curtis yana amai a bakin fili da asuba, wani ƙaton hannu a bayansa. Ta tuna maɓallin.

"Sai dai ya tafi," ta ce.

Dupree ya tura kujerarsa baya ya fita. Ba a jima ba ta ji shewa ta tashi a waje, da ihun wasu kuma na baƙin ciki. Curtis ya kira ta da yamma, ta bar wayar ta yi ta ruri a cikin jaka.

Ranar Lahadi majami'a ta cika. Ana tsakiyar waƙar farko ƙofa ta buɗe, Lurlene ta shigo riƙe da Jamarion, ya sa baƙin tabarau da hula. Fitarsa ta farko ke nan. Suka zauna a bencin baya kusa da ƙofa, inda sauti bai cika kaiwa ba. Masu waƙa ma suka sassauta.

Fasto ya yi wa'azi a kan masu tsayawa a kan gaskiya ko da za su tsaya su kaɗai. Da ya kai ƙarshe sai ya sauko daga mumbari, ya goge gumi.

"Ba sai mun je nesa neman misali ba, jama'a. A makon nan an sa wata baiwar Allah a tsakanin aboki da gaskiya. Kun san wadda ta zaɓa. 'Yar'uwa Ernestine, miƙe mu gan ki."

Ta girgiza kai. Ta kusa da ita ta tallabo gwiwar hannunta, wata ta turo ta daga baya. Ta tsinci kanta a tsaye.

Tafi ya ɓarke. Mai ganga ya shiga, mai molo ya bi, mata suna buga ƙafa a katako suna amin. Ta waiwaya baya. Lurlene ta miƙe tana tafawa, hawaye na bin kuncinta, idonta duk a kan Ernestine. A gefenta Jamarion ya dunƙule, ya toshe kunne ɗaya da hannun dama, na hagun yana ta ƙoƙarin hawa ya kasa kaiwa.

Ernestine ta ɗaga hannu sama don su yi shiru.

"Haka ne, 'yar'uwa!" in ji Fasto. "Ɗaga shi! Ba Ubangiji girma!"

Hannaye suka tashi ko'ina a majami'ar, tafin ya ƙaru.